Tafkin Chadi: Wane tsibiri masunci zai nufa?

Da asubahin ranar Talata, 10 ga Satumba, 2024, mazauna Galtimari da Fori da Gwange a Maiduguri suka farka suka tarar da kogin Ngadda a tsakar gidajensu. Madatsar ruwa ta Alau ce ta ɓalle cikin dare, kuma rabon birnin da ambaliya irin wannan tun 1994. Kafin rana ta take, ruwa ya kai Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A kwanakin da suka biyo baya, motar alfarma ba ta tsinana wa mai ita komai ba. Manyan motocin soja da kwale-kwale ne suka riƙa kwashe jama'a, kuma a wannan makon wanda ya iya tuƙa kwale-kwale ya fi mai digiri amfani.

Ambaliyar ta tuna wa Maiduguri wani abu da take yawan mantawa, wato ita ce babban birnin jihar da ke da ɗaya daga cikin manyan al'ummomin masunta a Najeriya. Ngadda kansa ba ya nisa, a fadamun Jere yake bajewa. Amma kusan kilomita 200 arewa maso gabas, ta Gajiganna da Monguno da Cross Kauwa, akwai Baga da Doron Baga a bakin Tafkin Chadi. Daga can bandar da ake sa wa miya a Galtimari ke fitowa, ta biyo ta kasuwar kifi da ke kan titin Baga a Maiduguri, ragowar kuma a loda ta zuwa Kano da Abuja da Onitsha da Legas.

Kafin kowane kwalin banda ya hau mota, sai da wani mutum ya tsaya a bakin ruwa ya yanke shawarar tsibirin da zai nufa, ya kwana a can kwanaki ko makonni. A da, ruwa da kifi ne ke yanke masa wannan shawara. Tun daga 2015 kuwa, abin da ya fi nauyi a lissafinsa shi ne wanda ke riƙe da bindiga a tsibirin.

Inda tambayar take ta hutu

A wasu sassan duniya, wane tsibiri za a nufa tambaya ce ta masu hutu. Masu sha'awar nutso a teku da tukunyar iska a bayansu kan kama gurbi a jirgin da za su ci su kwana a cikinsa mako guda, yana yawo da su daga wannan tsibiri zuwa wancan. Kafin su biya kuɗi, sai sun auna tsakanin Maldives mai tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya, da tsibiran Bahar Maliya da ke gaɓar Masar, da Raja Ampat ta Indonesiya. Suna duba watan da iska ke lafawa, da ƙarfin igiyar ruwa, da nisan asibitin da zai iya ceton wanda ya fito daga zurfi da gaggawa, da kuma lafiyar jirgin kansa. Ko a can ma lissafin kan ƙi. Ranar 25 ga Nuwamba, 2024, jirgin masu nutso mai suna Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam a Masar inda mutum 11 suka mutu ko suka ɓace.

Tafkin Chadi ba wurin irin wannan nutso ba ne. Ba shi da zurfi, a wurare da dama mutum zai taɓa ƙasa da sandar tuƙi, kuma ruwan bai da hasken da za a ga abin da ke cikinsa. Sai dai tambayoyin masuncin Baga sun yi kama da na mai hutun: wane wata ne, wace hanya ce a buɗe, jirgin zai ɗauka, idan ciwo ya kama wani ina za a kai shi. Bambancin shi ne mai hutu na iya fasa tafiya a mayar masa da kuɗinsa. Masuncin da ya fasa, gidansa ne ba za a ɗora tukunya ba.

Tsibiran da ba su zama wuri ɗaya

Ruwan tafkin ba daminar Borno ke kawo shi ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke shiga cikinsa yana zuwa ne ta kogunan Chari da Logone, waɗanda ke ɗauko ruwan saman da ya sauka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tsaunukan Kamaru, su haɗe a N'Djamena, sannan su zube a tafkin daga kudu. Tafiyar ruwan na ɗaukar watanni. Shi ya sa tafkin ke cika a lokacin hunturu, sa'ad da sama ta daɗe da ɗaukewa a Maiduguri, ya kuma janye da bazara. Komadugu Yobe, wanda kogunan Haɗeja da Jama'are ke ciyarwa, ɗan kaso kaɗan yake kawowa ta arewa, kuma madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano sun ƙara rage masa ƙarfi.

A 1963 faɗin ruwan ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, da wani dogon tudu mai ciyayi a tsakani. A tsakiyar shekarun 1980 kuwa, abin da ya rage na sararin ruwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Duk inda ruwa ya janye, ƙasa mai albarka ce ta bayyana, kuma jama'a suka bi ta.

Saboda haka tsibiri a Tafkin Chadi ba abu ne tabbatacce ba. Wasu kawunan tsofaffin tuddan rairayi ne da ruwa ya kewaye, musamman ta ɓangaren Chadi. Wasu kuma a watan Janairu sai da jirgi ake isa gare su, a watan Mayu a je su da ƙafa ko babur. Akwai ma waɗanda ake kira kirta, dunƙulen ciyayi ne masu shawagi a kan ruwa, iska na tura su, su toshe hanyar da aka bi jiya, su buɗe wata inda babu. Taswirar da aka zana bara ba lallai ta yi aiki bana ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa yaƙin tafkin ya gagari rundunonin ƙasashe huɗu.

Asalin masu tsibiran su ne Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, masu shanun Kuri ɗin nan masu kumburarrun ƙahoni da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo. Sun shahara da jiragen da suke ɗaurawa da ciyawar ruwa. A 1969, da Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norway ya so ƙera jirgin ciyawa mai suna Ra don ya gwada ƙetare Tekun Atlantika, daga Tafkin Chadi ya ɗauko magina. Tun kafin nan, a 1851, Adolf Overweg, Bajamushen da ya zo Borno tare da Heinrich Barth, ya shafe makonni yana zagaya tsibiran Buduma a wani jirgi da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga Turabulus. Bai koma gida ba, a bakin tafkin ya mutu a shekarar da ta biyo.

Hausawa sun shigo da yawa ne daga tsakiyar ƙarni na 20, masunta daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗeja, da ragar roba da ƙugiyoyi, daga baya kuma da injin jirgi. Wanda ya saurari sunayen wuraren zai ji sawunsu: Tumbun Gini, Tumbun Rago, Sabon Tumbu, Daban Masara, Kwatan Turare, Kaduna Ruwa. Tumbu shi ne tsibiri a bakin mutanen tafkin, kwata mashigar jirage, daba kuma sansanin da aka kafa don su ko noma. Abin takaici shi ne yawancin masu karatu a Abuja sun san waɗannan sunaye ne daga sanarwar rundunar soja kan wuraren da jiragen yaƙi suka yi wa luguden wuta, alhali kowannensu gari ne da ya taɓa samun masallaci da kasuwa da mai shayi.

Bin ruwa da jama'a suka yi ya haifar da rigima tun kafin Boko Haram. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza a kan wasu tsibirai, lokacin Manjo Janar Muhammadu Buhari na kwamandan Runduna ta 3 da ke Jos. Masuntan Najeriya da suka bi ruwa gabas suka kafa Darak da ƙauyukan kewayenta, gwamnati ta bi su da 'yan sanda da makarantu, har sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, cewa ƙasar Kamaru ce. A watan Disamban 2003 Najeriya ta miƙa ƙauyuka fiye da 30. Waɗanda ba su tashi ba, tuta ce kawai aka sauya musu.

Tsohon lissafi

Masuncin da zai shiga tafkin ba ya tafiya shi kaɗai, kuma sau da yawa ba da kuɗinsa yake tafiya ba. Wani ubangida a Baga ko Maiduguri ne ke ba da jari: raga da ƙugiya da man fetur da garin tuwo da gishiri, a kan cewa shi za a kawo wa kifin. Tun daga bakin kwata, ke nan, da bashi a wuyan mai jirgi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne irin kifin da ake nema. Tarwaɗa da gaiwa na son fadama mai ciyayi da taɓo, karfasa da bargi na bin ruwan da ya malala cikin haki, giwan ruwa kuwa sai sarari mai ɗan zurfi. Kowane da kayan kamunsa. Mai jera gura a layi ya datse mashigar ruwa, abin da ake kira dumba, yana bukatar wuri ƙuntatacce da kifi ke bi sa'ad da ruwa ke janyewa, kuma irin wannan wuri yana da masu shi tun da can, sai an biya kafin a kafa.

Na biyu shi ne itace. Babu ƙanƙara a tsakiyar tafki, kifin da aka kama da safe idan bai hau wuta ba kafin dare ya lalace. Tsibirin da ke da kifi amma ba shi da abin ƙonawa asara ce, domin sai an ɗebo itace daga wani wuri, a ci wurin da ya kamata kifi ya zauna a jirgi. Na uku kuma nisa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace jarka ta zama abin lissafi. Tsibiri mai nisa ya fi kifi saboda ba a cika damunsa ba, amma kuɗin zuwa da dawowa na iya cinye ribar. Na kusa kuma kowa can yake, raga a kan raga.

A wancan zamani akwai haraji, kuma ba kaɗan ba. Bulama na karɓa, ƙaramar hukuma na karɓa, jami'an tsaron kowace ƙasa na karɓa a inda suka tare. Amma mutum ya san farashin, kuma wanda ya kasa biya kayansa ake riƙewa, ba ransa ba. Da wannan tsari, duk da ɓarakarsa, tafkin ya ciyar da jama'a masu yawa. Binciken da masanan cibiyar IRD ta Faransa suka yi wa Hukumar Tafkin Chadi, wanda aka fitar a 2014, ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 2 ke zaune a gaɓar tafkin da tsibiransa, kuma abincin da suke fitarwa na kaiwa ga kusan miliyan 13.

Sabon lissafi

Ranar 3 ga Janairu, 2015, Boko Haram ta mamaye Baga, ta ƙwace hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin, ta yi kisan da har yau ake ambato. Dubban mutane suka tsere ta ruwa zuwa tsibiran Chadi, wasu suka yo Maiduguri. A watan Afrilun shekarar aka kai wa sojojin Nijar hari a tsibirin Karamga, gwamnatin Nijar ta umarci jama'a su fice daga tsibiranta cikin 'yan kwanaki. Tsibirai suka zama kango, waɗanda suka kori jama'ar kuma suka gaje su.

A watan Agustan 2016 ƙungiyar ta tsage. Ɓangaren ISWAP, ƙarƙashin Abu Mus'ab al-Barnawi, ya kafa sansaninsa a tafkin, ya kuma gane abin da Abubakar Shekau bai damu da shi ba: masunci mai rai ya fi gawa kawo kuɗi. Rahoton da ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a watan Mayun 2019 ya bayyana yadda ISWAP ta riƙa barin masunta da makiyaya su yi sana'arsu, tana karɓar haraji, tana yanke hukunci a tsakaninsu. Babu alheri a cikin wannan, dabarar tara kuɗin yaƙi ce, kuma wanda aka zarga da kai wa soja rahoto kisa ne hukuncinsa. Bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021, ragowar mutanensa ƙarƙashin Bakura Doro suka ƙarfafa a tafkin, suka ƙwace tsibirai da dama daga hannun ISWAP. Wani rahoton ƙungiyar na watan Maris 2024 ya nuna cewa ɓangaren Bakura ya fi karkata ga ƙwace da garkuwa da mutane.

To, ga abin da ke gaban mai jirgi a Baga. Yana iya tsayawa cikin iyakar da soja suka shata a kusa da gari, inda ransa ya fi tsira amma kifin bai isa ya biya bashin ubangida ba. Yana iya wucewa zuwa tsibiran da ɗaya daga ɓangarorin biyu ke riƙe da su, ya biya abin da aka yanka masa. Da zarar ya biya, ya shiga tarkon dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022, wadda ta haramta bai wa irin waɗannan ƙungiyoyi kuɗi, kuma a shingen binciken farko ana iya kama shi a matsayin mai taimaka musu. Sannan izinin da ya saya na aiki ne kawai a inda mai bayarwa ke da iko, alhali ikon na sauya hannu cikin dare ɗaya ba tare da an sanar da kowa ba.

Abin da ya faru a Dumba, kusa da Baga, ranar 12 ga Janairu, 2025, ya nuna ƙarshen wannan hanya. An kashe aƙalla manoma 40. Kwamishinan Yaɗa Labarai da Tsaron Cikin Gida na Borno, Farfesa Usman Tar, ya ce mutanen sun wuce iyakar da jami'an tsaro suka amince da ita, Gwamna Babagana Umara Zulum kuma ya roƙi jama'a su tsaya cikinta. Rahotannin da suka fito daga yankin sun danganta kisan da rigimar haraji da iko tsakanin ɓangarorin biyu. Kafin nan, a watan Maris 2023, an kashe masunta fiye da 30 a Mukdolo da ke Ƙaramar Hukumar Ngala, abin da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya yi tir da shi.

Akwai kuma hatsarin da ke zuwa daga sama. Daga cikin jirgin yaƙi, jerin kwale-kwale da hayaƙin banda ba su da bambanci da sansanin mayaƙa. A watan Satumban 2021 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ruwaito cewa wani harin sama ya hallaka masunta a Kwatan Daban Masara, rundunar sojin sama ta ce 'yan ta'adda ta hara. Bayan an kashe sojojin Chadi kusan 40 a tsibirin Barkaram a ƙarshen Oktoban 2024, Shugaba Mahamat Idriss Déby ya ƙaddamar da farmakin Haskanite, aka kuma sake jin irin wannan zargi kan masuntan Najeriya, Chadi ta musanta.

Zaɓi na ƙarshe shi ne ƙetarawa zuwa Darak ta Kamaru, ko Kinasserom da Baga Sola a Chadi, inda ake da kasuwannin kifi da jami'an gwamnati. Nan ma baƙo baƙo ne. Sai ya nemi takarda, sai ya biya kuɗin su, kuma Naira da a da ake karɓa da murna a kasuwannin tafkin ta rage ƙarfi a gaban Sefa tun faɗuwar darajarta a 2023. Gaba kura, baya sayaki.

Haramcin da ya bar baya da ƙura

Amsar farko da hukumomi suka bayar ita ce rufe sana'ar baki ɗaya. Nijar ta hana cinikin kifi da tattasai a Jihar Diffa a 2015. A Borno ma soja sun hana safarar kifi daga tafkin, har a 2019 aka ƙona motocin da aka kama ɗauke da shi. Dalilin a fili yake, kuma ba a raina shi ba: kowane kwali da ya fito daga tsibiran ya bar wani kaso a aljihun masu kashe sojoji.

Sai dai haramcin bai busar da tafkin ba, bai kuma kashe yunwa ba. Kifin ya ci gaba da fitowa ta ɓarauniyar hanya, ta Kamaru da Nijar, farashi ya tashi, ribar ta koma hannun masu iya sayen hanya. Ƙaramin masunci da matan da ke sana'ar banda su ne suka zauna a sansanonin gudun hijira suna jiran rabon abinci. Mafi muni, haramcin ya bai wa masu tayar da ƙayar baya damar cewa su ne ke barin talaka ya nemi abinci, gwamnati ce ke hana shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Gwamnatin Borno ta sauya hanya daga 2020, ta fara mayar da mutanen Baga gida, duk da harin da aka kai wa ayarin jami'anta a kan hanyar garin ranar 25 ga Satumban shekarar. An dawo da su da kamun kifi a ƙarƙashin sa idon soja, aka kuma fara aikin share hanyar ruwan da ta haɗa Baga da Chadi tare da rundunar sojin ruwa, domin shekarun da jirage suka yi ba sa bi sun bar ciyayi sun rufe ta. Amma mayar da mutum garinsa daban, mayar masa da ruwan da zai yi su a cikinsa daban. Jama'ar da aka tara a Baga sun fi ƙarfin ɗan yankin da aka tsare musu.

Abin da ke kan teburin Abuja

Ba hukumomi tafkin ya rasa ba. Akwai Hukumar Tafkin Chadi da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ranar 22 ga Mayu, 1964, mai hedikwata a N'Djamena, wadda bisa al'ada ɗan Najeriya ke jagoranta. Akwai Hukumar Raya Kwarin Chadi da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, dukkansu a Maiduguri. Akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, da Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka ƙirƙiro a watan Agustan 2023, wadda sashen kula da kamun kifi ya koma ƙarƙashinta. Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kamun Kifi da ke Baga kuwa ta shafe shekaru tana gudun hijira a Maiduguri, kamar iyayen ɗalibanta.

Abin da ya fi cin lokacin manyan taruka shi ne batun sake cika tafkin. A taron da aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018, an amince da shirin Transaqua, wanda zai janyo ruwa daga rassan kogin Kwango ta magudana mai tsawon kilomita 2,400, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 50. Har yau ba a haƙa ko taku ɗaya ba. Kuma hujjar da aka gina shi a kai tana bukatar a sake duba ta, domin rahoton da cibiyar adelphi ta Jamus ta fitar a 2019, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa tafkin ya daina ƙanƙancewa tun shekarun 1990. Abin da ke wahalar da mazauna shi ne rashin tabbas kan lokacin zuwan ruwan da yawansa. Borno ta taɓa ɗanɗana kuɗar babban aiki da aka gina kan zaton ruwa zai tsaya wuri ɗaya: aikin noman rani na Kudancin Chadi da ke New Marte, wanda aka buɗe a 1979, tafkin ya janye ya bar magudanansa a bushe cikin 'yan shekaru.

Abubuwan da za su sauya lissafin mai jirgi a Baga ƙanana ne idan aka kwatanta da wannan. Rajistar masunta da katin shaida da soja da 'yan sanda za su amince da shi, don a daina yi wa kowa kallon mai laifi. Lamba da fenti a jikin kowane jirgi, yadda na sama zai iya bambancewa. Sintirin sojin ruwa da zai raka masunta zuwa tsibirai ƙalilan da aka zaɓa, a zauna a cikinsu, maimakon a kai farmaki a janye a bar wa mayaƙa su dawo su hukunta wanda ya yi maraba da soja. Sai murhun banda mai cin itace kaɗan, da rancen da zai raba masunci da bashin da ke tura shi wuce iyaka. Babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin ma'aikatar da ta sa shi a kasafinta, sai dai kowanne na bukatar ma'aikatu uku ko huɗu su zauna a teburi ɗaya, abin da duk wanda ya taɓa bin fayil a Sakatariyar Tarayya ya san wuyarsa.

Ta fuskar maƙwabta kuwa, al'amarin ya ƙara tsauri. A watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar haɗin gwiwa, bayan Chadi ta yi barazanar yin haka a ƙarshen 2024. Tsibiran kwarin arewa, inda iyakokin Najeriya da Nijar da Chadi suka haɗu, su ne suka fi bukatar sintirin bai ɗaya, kuma can ne mutanen Bakura suka fi ƙarfi.

Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 a farkon 2025 don sake gina madatsar Alau, domin kada ruwa ya sake shiga unguwannin Maiduguri. A ɗaya ƙarshen jihar, ruwan Chari kan fara isowa ne daga watan Oktoba, ya ci gaba da hauhawa har cikin hunturu, hanyoyin da suka bushe su buɗe, kifi ya bazu cikin ciyayi. Lokacin ne iyayen gida ke fitar da jari, masu jirage kuma su fara tambayar waɗanda suka dawo kwanan nan ko wane ne ke riƙe da Tumbun Gini a wannan makon.